Fim a Waya, Takarda a Sebiya

Aya ce ta kai mu Sifaniya. Wadda ake nomawa a jigayin Agye da Cadawa da Gazawa, a loda ta buhu-buhu a tirela, wani kaso nata yakan ƙare a Balensiya, inda suke yin nasu kunun ayar mai sanyi da suke kira horchata. Ni da wani Alhaji ɗan Gidan Rumji, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba kuma ya fi ni sanin kan ciniki, muka je ganin masu saye. Da muka kammala, na lallashe shi muka hau jirgin ƙasa muka gangara kudu zuwa Sebiya, garin da Larabawan Andalus ke kira Ishbiliya. Da ya ji dalilina sai da ya yi dariya har ya gyara hula. Fim na kalla a waya, ina so in ga inda labarin ya faro.

Sunan fim ɗin Sin límites, kashi 6 ne, ya fito a watan Yunin 2022 a Amazon Prime Video da haɗin gwiwar gidan talabijin na gwamnatin Sifaniya, RTVE, don cikar shekara 500 da zagaya duniya na farko a jirgin ruwa. Simon West ne ya ba da umarni. Rodrigo Santoro ɗan Burazil ya fito a matsayin Magelan, Álvaro Morte kuma, wanda samarinmu suka sani da Farfesa a La Casa de Papel, ya fito a matsayin Elkano. Ya iso mana Agye ta ƙofar da komai ke shigowa, wato shagon masu cajin waya da tura finafinai a kati, a tsakanin Ertugrul da fassarar Indiya. Mu da babban ruwanmu shi ne Gulbin Maraɗi, mai cika da damina ya koma rairayi da rani, kallon igiyar ruwa tana haye jirgi ya ishe mu abin mamaki ko da ba a yi magana ba.

Sebiya ba ta bakin teku. Kogi ne ya haɗa ta da shi, Guadalquivir, wanda jirage ke bi su gangara zuwa Sanlúcar de Barrameda kafin su faɗa Atilantika. A bakin kogin akwai hasumiyar Torre del Oro da Muwahhidawa suka gina wajen 1220, yanzu ta zama ɗan gidan tarihin jiragen ruwa. Kusa da ita aka ɗaure wani jirgin katako baƙi ƙirin, kwaikwayon Victoria, wanda shi kaɗai ya dawo cikin jirage 5 da suka tashi. Gani ya kori ji. Tsawonsa bai kai mita 30 ba, tirela biyu a jere sun fi shi. Alhaji ya taka daga goshi zuwa ƙeya yana ƙirga taku, ya leƙa rumbun ƙasa inda ganguna da buhuna suka cinye wuri, ya tambayi inda ake kwana. Aka nuna masa dandamalin da yake tsaye a kai. In ban da kyaftin da ke da ɗan ɗaki, kowa nan yake shimfiɗa, ko ana ruwa ko ana sanyi. Ya juyo ya ce da ni, "Malam, waɗannan ko dai talauci ya koro su, ko kuwa ba su da hankali." Na ce, "Alhaji, kanumfari suka je saye." Ya yi shiru, don ya san abin da riba ke sa ɗan kasuwa.

Wannan jirgin a ɗaure yake don baƙi. Akwai yayansa da aka ƙera a 1991 saboda bikin baje kolin duniya na Sebiya na 1992, wanda ya kife ranar da aka sa shi a ruwa, aka tsamo shi aka gyara, daga baya ya zagaya duniya da gaske daga 2004 zuwa 2006. Mutanen garin da bakinsu suke ba da labarin kifewar, suna dariya.

Ga yadda tafiyar ta kasance a rubuce. Ranar 10 ga Agustan 1519 jiragen suka bar Sebiya da mutum wajen 240, suka bar Sanlúcar ranar 20 ga Satumba. Magelan ɗan Fotugal ne da ya ɓata da sarkinsa ya koma yi wa sarkin Sifaniya aiki, kuma alkawarin da ya ɗauka shi ne ya kai su tsibiran Maluku, mahaifar kanumfari, ta yamma, tunda yarjejeniyar Tordesillas ta 1494 ta bar wa Fotugal hanyar Afirka. Ba wanda ya aike su zagaya duniya. Hunturu ya tsare su wata 5 a San Julián, can kudancin Ajantina ta yau, kuma a nan kyaftin-kyaftin na Sifaniya suka yi masa bore a Afrilun 1520. Ya murƙushe su: aka soke Luis de Mendoza, aka sare kan Gaspar de Quesada, aka yar da Juan de Cartagena da wani fada a gaɓar da ba gari. Jirgi ɗaya ya farfashe, ɗaya ya sulale ya koma gida. Uku suka fita daga mashigin ruwan da ke can kudancin nahiyar Amurka ranar 28 ga Nuwamban 1520 suka shiga Fasifik. An kashe Magelan a tsibirin Mactan na Filifin ranar 27 ga Afrilun 1521, a faɗan da ya tsoma kansa ciki ba dole. Elkano ne ya iso da Victoria Sanlúcar ranar 6 ga Satumban 1522, da Turawa 18 da ƙyar suke tsayuwa.

Fim ɗin ya bi wannan ƙashin bayan, amma ya yi nasa ɗinki. Ya jawo Elkano ya dasa shi kusa da Magelan tun daga farko, a riƙa ganinsu fuska da fuska, yau cacar baki, gobe girmama juna. A takarda kuwa Elkano yana wani jirgin dabam, Concepción, a matsayin mai kula da kaya da ma'aikata, kuma da aka yi boren San Julián yana cikin masu boren. Yana cikin mutum 40 da aka yanke wa hukuncin kisa, aka yafe musu don ba a iya tuƙa jirage ba su. Ban ga laifin marubucin sosai ba. Wanda ya biya manyan taurari biyu ba zai raba musu jirgi su yi shekara biyu suna hango juna daga nesa ba. Inda na fi jin an ƙware mu shi ne wajen jira. Tsallake Fasifik ya ci wata 3 da kwana 20 ba sabon abinci. Sun ci garin biskit mai tsutsa, sun jiƙa fatar da aka naɗe itacen tanti da ita a ruwan teku sun gasa, sun ci garin katako, ɓera ya zama abin saye da kuɗi. Dasashinsu ya kumbura har ya rufe haƙora. Ba faɗa, ba takobi, sai ruwa da rana da mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kyamara ba ta iya zama a kan wannan, ƴan mintoci take ba shi ta koma neman wanda zai zare wuƙa. Haka dawowa daga Maluku, wadda ita ce ainihin bajintar Elkano, wata da watanni ba tare da ya yarda ya tsaya a tashar Fotugal ba, ta zo a gurguje. Akwai wani shirin da Movistar+ ta yi a 2017, Conquistadores: Adventvm, wanda ya fi yarda da datti da yunwa, amma ban taɓa jin wani yaro a shagon caji ya nemi a tura masa shi ba.

Abin da ya sa nake ba da labarin Sebiya duk inda na zauna yana nan tafiyar ƴan mintoci a ƙafa daga jirgin. Ka bi ta gefen babban cocin, wanda hasumiyarsa Giralda asalinta hasumiyar masallacin Juma'a ce da aka gama a 1198, sai ka ga wani gini mai kusurwa huɗu, ba ado mai yawa. Archivo General de Indias ke nan, ma'ajiyar takardun mulkin Sifaniya a ƙetaren teku. Da farko zauren ƴan kasuwa ne, an gina musu shi a ƙarshen ƙarni na 16 don su daina ƙulla ciniki a matakalar coci. A 1785 sarki Carlos na III ya mai da shi gidan takardu. Yana riƙe da ɗauri wajen 43,000, shafi kusan miliyan 80, da taswira wajen 8,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1987. Shiga kyauta ne. Aka binciki jakarmu, muka hau matakalar marmara, muka tarar da ƴan makaranta zaune a ƙasa malamarsu tana nuna musu rubutun hannu a cikin gilashi. Masu bincike suna karatu a wani gini da ke tsallaken titi, kuma an ɗauki hoton takardu masu yawa an sa a intanet a shafin PARES, wanda ko daga Gazawa mai waya zai iya buɗewa in ya iya karanta tsohon rubutunsu.

Me ke ciki game da tafiyar? Rajistar ma'aikata, kowa da sunansa da garinsu da sunan iyayensa da albashin da aka ba shi kafin tashi. Daga nan ake gane cewa jiragen sun kwashi Girkawa da Italiyawa da Faransawa da Jamusawa da ƴan Fotugal, da Baturen Ingila guda, har da ƴan Afirka ƙalilan. Akwai lissafin guzuri, ganga nawa ta giya, tulu nawa na mai, tafarnuwa nawa. Akwai kayan musaya, ciki har da ƙananan ƙararrawa 20,000 da madubai da wuƙaƙe. Akwai jerin matattu, kowa da ranar mutuwarsa. Akwai littafin matuƙi Francisco Albo, wanda yake auna tsayin rana ya rubuta inda suke. Akwai amsoshin da Elkano ya bayar a Valladolid a Oktoban 1522, da alƙali ya titsiye shi kan yadda aka yi bore da yadda Magelan ya mutu. Alhaji, wanda ya shiga yana hamma, a wajen lissafin kanumfari ya farka. Buhu 381 Victoria ta sauke, kusan tan 26, kuma kuɗinsu ya biya abin da aka kashe wa jiragen 5 har da ɗan rara. Ya sa na maimaita masa sau biyu. Ya ce, "To ran mutum ɗari biyu fa, a wane shafi suka sa shi?" Na ce yana cikin jerin matattu. Ya ce ai wannan ba shafin asara ba ne.

Dalilin kafa gidan ya fi komai tsaya mini a rai. A shekarun 1770 wasu marubutan waje, Raynal na Faransa da Robertson ɗan Sikotlan, suka wallafa tarihin Amurka da ya fito da ta'asar Sifaniya. Fada ta ji zafi. Aka ɗora wa Juan Bautista Muñoz rubuta martani, aka tattaro takardun da ke warwatse a Simancas da Cádiz da Sebiya wuri guda don ya sami hujja. Fushi ne ya tara su. Amma takarda ba ta san wanda ya tara ta ba, kuma yau masu tuhumar Sifaniya kan bauta da kisa daga ɗakin nan suke ɗebo shaidarsu. Saboda haka da fim ɗin ya fito, masana da masu sha'awar jiragen da suka yi masa ca a jaridu suna da abin nunawa, masu fim kuma suka ce su nishaɗi suka yi alkawari. Kowa ya faɗi tasa, aka ci gaba da kallo. Mai fim yana da damar ƙara gishiri yadda ya so, domin mai son tantancewa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kada a ɗauka tsohuwar takarda ba ta da son kai. Mafi daɗin labarin tafiyar na Antonio Pigafetta ne, ɗan Vicenza ta Italiya, ɗaya daga cikin 18 ɗin. Shi ya ba mu labarin ɓeraye da fata. Shi ne kuma ya ce sun ga ƙattai a Patagoniya waɗanda Bature ke tsayawa a ƙugunsu. Magelan yake so, har ya rubuta littafi sukutum bai ambaci sunan Elkano ko sau ɗaya ba, mutumin da ya kawo shi gida da rai. Bayan ya dawo ya bi fadodin Turai yana ba sarakuna labari, ya san abin da ke hana su gyangyaɗi. Ƙarin gishiri ya girmi talabijin da shekara 400. Bambancin shi ne ana iya ajiye Pigafetta kusa da Albo, a ajiye su kusa da rajistar albashi, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

A nan ne mutanen da fim ke bari a gefe suke fitowa. Adadin 18 da kowa ke haddacewa na Turawa ne, alhali akwai ƴan Maluku aƙalla 3 da suka iso Sebiya a cikin jirgin. Akwai Enrique, bawan Magelan da ya samo a Malaka, tafintan tafiyar, wanda wasiyyar ubangidansa ta ce a ƴanta shi, magada suka hana, daga nan labarinsa ya yanke a Cebu. Akwai Sarkin Tidore, al-Mansur, Musulmi, wanda ya karɓe su a Nuwamban 1521 ya cika musu jirage da kanumfari, aka ƙulla amana shi ya rantse da Alƙur'ani. Turawan sun tarar da kasuwa mai tsari da ma'auni da farashi, Larabawa da Malayawa da Sinawa sun daɗe suna cinta. A Filifin kuwa Lapulapu, wanda mutanensa suka kashe Magelan, gwarzon ƙasa ne, har birni aka sa wa sunansa, kuma da wani fim ɗin zane na Sifaniya ya nuna alamar mai da shi mugu a 2019, mutanen ƙasar suka yi caa a kansa. Sebiya ba ta cika ɗaga murya kan wannan ɓangaren ba, bikinta na jarumta ne. Sai dai ba ta kulle ɗakin ba.

Wani abu ya ɗaure wa Alhaji kai. Da yunwa ta tilasta wa Victoria tsayawa a tsibiran Kef Bad, yamma da Senegal, a Yulin 1522, inda ƴan Fotugal suka kama musu mutum 13, sun tambayi ranar, aka ce Alhamis, su kuwa a lissafinsu Laraba ce. Ba wanda ya yi kuskure. Wanda ya bi rana yamma har ya zagayo, kwana ɗaya yake rasawa. Alhaji ya ce to da Musulmi ne a ciki, ashe sun yi ta sallar Juma'a ran Asabar ke nan. Muka kwashe hanyar masauki muna gardamar ko da ramuwa.

Da dare muna shan shayi na ce masa, a ce gobe wani ya kawo kuɗi za a yi fim mai dogon zango kan Gobir, ina za mu je mu gwada shi? Tsibiri tana nan cikin gundumar su Alhaji ta Gidan Rumji, an kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Gobirawa suka tattara abin da ya rage musu ƙarƙashin Mayaƙi. Labarin yana bakin makaɗan fada da dattawa, kuma abin da suka riƙe ba ƙarami ba ne, jerin sarakuna da kirari da wa ya haifi wa. Gazawa kuwa, bayanin da ake yawan jawowa kan kamanninta a tsakiyar ƙarni na 19 na Heinrich Barth ne, Bajamushen da ya ratsa ta a Janairun 1851 daga Tasawa zai je Katsina, ya ga gari mai shinge da gwalalo a bakin dajin da ya raba su da ƙasar Fulani. Baƙo ne mai wucewa. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan a 1899 da wuta da kisa, ta Birnin Ƙonni da Tsibiri da Koran Kalgo, har su biyun suka halaka a wajen Maijirgi, amma takardun abin suna Faransa. Misali mafi kusa shi ne Sarauniya ta Lugu. Yawancinmu da muka yi lakwal mun san ta ne ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda a Burkina aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Aiki ne mai kyau, ya ɗaga mana kai. Amma jarumar da ke gaban mayaƙa a fim ta rufe matar Lugu da mutanenta ke tunawa, mai tsafi da ba a cika ganin fuskarta ba, kuma yaro ɗan kwaleji ba shi da wani ɗaki a kusa da zai shiga ya ga bambancin. Har teku ma muna da namu labarin: al-Umari ya rubuta cewa Mansa Musa, da ya sauka Alƙahira a 1324, ya ce sarkin da ya gada ya tura jirage 200 cikin Atilantika, ɗaya ya dawo, sai shi da kansa ya bi da 2,000, ba a sake ganinsa ba. Ƴan layuka ne, ba sunan sarkin a ciki, ba rajista, ba jerin matattu, amma an gina littattafai a kansu. Ba a ce ba mu da komai ba. A Yamai akwai cibiyar IRSH da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa, akwai CELHTO mai adana tarihin baka. Alhaji ya ce bai taɓa jin sunansu ba, kuma yana zuwa Yamai tun ina goye.

Muka bi kogin da mota zuwa Sanlúcar, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, dajin Doñana yana tsallake. Gari ne na masunta da masu giya, mun sami soyayyen kifi mun ci mun ƙoshi. A bangon wani gini cikin gari an jera sunayen mutum 18 ɗin a tayil, Elkano a sama. Sarki ya ba shi tambari mai hoton duniya, ya yafe masa tsohon laifinsa na sayar wa baƙi jirgi, ya yanka masa fanshon tsabar zinariya 500 a shekara. Bai taɓa karɓar ko ɗaya ba. Ya koma teku a 1525 da wata rundunar jirage ƙarƙashin Loaísa, ya mutu a tsakiyar Fasifik a Agustan 1526, ya bar wasiyya mai lissafa har tufafinsa da tukwanensa. Mahaifiyarsa, Catalina del Puerto, ta yi shekaru tana ƙarar baitulmalin sarki kan haƙƙin ɗanta. Takardun shari'ar suna Sebiya. Alhaji ya ce in masu fim za su yi kashi na 7 a kan tsohuwar nan da ma'ajin sarki, shi da kansa zai biya kuɗin turawa.